Yadda ake canza kuloci da oyil sil na giyabos a tsohuwar Marsandi W123

Kumasi gari ne da ba ya raga wa kuloci. Hawa da gangara ne ko'ina, ga cunkoson Kejetia da na shataletalen Suame, inda direba zai daɗe yana matsawa kaɗan-kaɗan, ƙafarsa ta hagu ba ta sauka daga feda. Mercedes-Benz W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, mota ce mai juriya, musamman masu dizal irin 200D da 240D. Amma ita ma ranar tana zuwa da za ka taka totur a hawa, inji ya ɗaga murya, mota ta ƙi ƙara gudu, sai ƙauri ya shigo ta taga. A nan ne yawancin masu mota ke cewa a canza faifan kuloci kawai a ba su abarsu. Ni ban goyi bayan haka ba. Sau da yawa faifan bai cinye ba, mai ne ya jiƙa shi, kuma muddin ba a toshe inda man ke fitowa ba, sabon ma ba zai daɗe ba zai bi sahun tsohon. Daidai yake da shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Wahalar aikin duk tana wajen sauke giyabos da mayar da shi, sil ɗin da ke jawo ɓarnar kuwa, wato zoben robar da ke hana mai zuba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Tunda za a sauke, a yi komai lokaci guda.

Kafin a taɓa sifana

Ka fara tabbatar da cewa matsalar tana ciki. Ja birkin hannu sosai, tayar da inji, sa giya ta uku, ka ɗan taka totur kana sakin kuloci a hankali. In injin ya mutu nan take, kuloci yana kamawa. In ya ci gaba da aiki alhali ka ɗauke ƙafa, yana zamewa. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa, kada ka tsaya kana ƙona shi. Motar da ke jijjiga lokacin tashi a giya ta ɗaya, ko dai mai ya taɓa faifanta ko robobin da inji ke zaune a kansu sun mutu, don haka ka leƙa su. Ƙarar da ke fitowa in ka taka feda, rilis boris ne, wato boris ɗin da ke danna murfin kuloci ya saki faifai. Wadda ke fitowa a firi, ta ɗauke da zarar ka taka, ta boris ɗin gaban giyabos ce, kuma wannan ka riƙe ta a ranka, za mu dawo kanta. In kuwa fedar ce ke nutsewa ƙasa babu ƙarfi, ba sai an sauke komai ba: kulocin W123 da man birki yake aiki, matsalar tana silindar sama, ta wajen feda, ko ta ƙasa, ta jikin gidan kuloci.

Sai ka shiga ƙarƙashi da farar takarda. Shafo ɗigon da ke rataye a ƙasan gidan kuloci, wato inda inji da giyabos suka haɗu, ka goga a takardar, ka fito da ita haske. Marsandi ta sauƙaƙa mana a nan, domin giyabos ɗinta na hannu jan man ATF yake sha, irin na mota mai otomatik. In tabon ya yi ja, ko ja mai duhu, kuma ya bazu da sauri, sil ɗin gaban giyabos ne. In baƙi ne wuluk mai kauri, man injin dizal ne. In kuwa ruwa-ruwa ne mai santsi, yana narkewa in ka ɗiga masa ruwa, man birki ne daga silindar ƙasa.

Baƙin mai yana buƙatar natsuwa. Injinan dizal na motar nan, wato OM615 da OM616 da OM617, ba su da zagayayyen sil a bayan karanshaf. Igiya ce gida biyu, kuma ba a canza ta da cire fulawil kaɗai, sai an sauke kaskon mai an sassauta karanshaf. Wannan babban aiki ne daban. Amma kafin ka ɗora mata laifi, wanke bayan injin tas, ka yi yawon yini guda, ka sake dubawa. Gaskit ɗin murfin sama da gidan filtar mai, wanda ke can baya ta hagun inji, sukan zubar da mai ya gangaro ta kan gidan kuloci, mutum ya ɗauka daga ciki yake.

Wuri da kayan aiki

Rami ya fi. In babu, a ɗaga motar sosai a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, a sa katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, domin jar ƙasar nan da damina tana cin ƙarfe a hankali ba tare da ka lura ba. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jek kaɗai, ba a kuma dogara da bulo, yana farfashewa ba sallama. In akwai tayoyin da suka rage a ƙasa, a sa musu waigi gaba da baya. Aikin mutum biyu ne, kuma ka ware masa kwana biyu, saboda sai an kwance za a san abin da za a sayo.

Bayan sifanu da soket na yau da kullum, za ka buƙaci dogon hannun soket mai gwiwa don notunan sama, makullin alan na mm 14 don murfin man giya, manyan sifanu biyu don notin tsakiyar farfela, sifana mai ma'aunin ƙarfi, jek mai taya, farin fenti ko alli, da gwangwanaye na zuba notuna, kowane sashe da nasa. Sai sandar daidaita faifai. Wadda ta fi kowace ita ce tsohuwar sandar gaban giyabos irin wannan, kuma a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi, ba ta wuyar samu wurin masu kwance giyabos.

Saukewa

Cire wayar batir ta ƙasa, wato ta negatif, tukuna, domin za ka yi aiki kusa da sitata. A cikin bonet, zare sandar totur da ke tafiya daga bangon mota zuwa inji, in ba haka ba za ta lanƙwashe lokacin da injin ya kwanta baya. Sa ɗan falle na katako tsakanin bayan inji da bango.

Wajen tsiyaye man giya, murfin zubawa na gefe ake fara kwancewa, sannan na ƙasa. Dalili shi ne in ka zubar da mai sannan na gefe ya ƙi buɗuwa, ka rasa ta inda za ka zuba sabo. Tari man a kwano mai tsabta ka duba. Laushin garin ƙarfe kaɗan ba abin damuwa ba ne, amma gutsattsari masu kama yatsa ko ƙyalli ruwan tagulla mai yawa suna nufin giyabos ɗin kansa yana son a buɗe shi.

Yanzu farfela, kuma a nan fenti yake aikinsa. Farfelar W123 gida biyu ce, an daidaita nauyinta a haɗe tun daga masana'anta. Ja layi a inda gidajen biyu suka shiga juna, ka ja wani daga robar gaba zuwa ƙarfen nan mai kunne uku na bayan giyabos. In ta rabu aka mayar da ita ko da haƙori ɗaya ne a kauce, motar za ta riƙa kaɗawa a wani mizanin gudu, kuma a sha wahalar gano dalili. Sassauta babban notin tsakiya, kwance notuna biyu na boris ɗin tsakiya, cire notuna uku da suka haɗa robar da mai kunne ukun, sai ka tura farfelar baya ka ɗaure ta sama da waya. Duba robar da kyau. In ta tsage ko zare ya fara leƙowa, ta shiga jerin sayayya.

Tun giyabos yana jikin mota ka sassauta babban notin da ke tsakiyar mai kunne ukun, domin a ƙasa riƙe shi wahala ne. An daddale bakinsa don kada ya warware, sai ka buɗe wurin da ɗan kurfi. Ɗaura dogon ƙarfe a kunne biyu ya tokare jikin mota, sannan ka kwance. Na wasu shekarun yana da tsaga-tsaga, yana son soket nasa na musamman; kada a sare shi da guduma, boris ɗin da ke bayansa ne ke shan dukan.

Sauran ƙanana ne: maƙalin salansa da ke jikin giyabos, wayar ma'aunin gudu, da sandunan giya guda uku da ke gefe, ta ɗaya da biyu, ta uku da huɗu, da ta ribas. Yi wa kowace alama, ka adana ƙananan makullansu. Silindar ƙasa notuna biyu ne, cire ta da tiyonta a haɗe ka rataye gefe, kada ka ɓatar da ɗan falle na roba da ke tsakaninta da gidan kuloci. Daga wannan lokaci ba mai taka fedar kuloci. Gaya wa yaran gareji da babbar murya, domin taku ɗaya zai tofo fistin waje.

Tokare kaskon inji da jek da katako a tsakani, cire gadar da ke riƙe da bayan giyabos, ka sauke a hankali kana leƙa fanka kada ta daki rumfarta ko lagireto. Da injin ya ɗan kwanta, notunan sama za su samu ta baya da dogon hannu. Cire na sitata, ka lura da notin da wayar ƙasa ke maƙale a jikinsa, ka bar guda biyu na sama su zama na ƙarshe. Notunan ba tsawonsu ɗaya ba, ka soka su a kwali bisa tsarin da suke.

Sai a ja giyabos baya a miƙe, mutum ɗaya a jek, ɗaya yana riƙe da wutsiya. Wani lokaci sai an ɗan murɗa shi gefe kafin kumburin sitata ya wuce. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar nauyinsa ya rataya a kan sandar gaba tana cikin faifai. Sai sandar ta fita gaba ɗaya sannan a sauke.

Abin da za ka gani a ciki

Kada ka hura ƙurar gidan kuloci da iska ko da baki. Tsofaffin faifai da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa tana lalata huhu ba magani. Rufe hanci, ka jiƙa tsumma ka goge, ka jefar da tsumman.

Murfin kuloci notuna shida ne. Yi alama tsakaninsa da fulawil, ka riƙa sassautawa zagaye ɗaya-ɗaya kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan har ƙarfin sifirin ya saki. Tare faifan da hannu kada ya faɗi, ka lura da gefen da cibiyarsa ta fi tsawo. Faifan da ya cinye, za ka ga kawunan ƙusoshinsa sun yi daidai da fuska har sun fara ƙyalli. Wanda mai ya jiƙa kuwa yana nan da kaurinsa, amma ya yi baƙi yana sheƙi, yana danƙo a yatsa. Wasu kan wanke irin wannan da fetur ko su gasa shi a wuta su mayar. Ɓata lokaci ne, man ya riga ya shige ciki, zafi na taɓa shi zai sake fitowa.

Fulawil, ka goge shi ka bi fuskarsa da farce. Ɗan shuɗi-shuɗi da ƙyalli samfefa za ta ɗauke. In farce yana maƙalewa a zurfi, ko akwai tsagar da ta yi nisa, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su wanke fuskar, ko a nemo wani. Kafin a cire shi a yi alama tsakaninsa da karanshaf, ya koma yadda ya fito. Notunansa masu miƙewa ne, wanda wuyansa ya sirance ba ya komawa. Ana ɗaure su Nm 30 zuwa 40 a sifana mai ma'aunin ƙarfi, sannan a ƙara kwatar zagaye. A tsakiyar karanshaf akwai ɗan boris da hancin sandar giyabos ke zama ciki. Mutane suna mantawa da shi, alhali in ya mutu sandar tana rawa, rawar kuma ita ke cin sil ɗin gaba. A canza shi ko da yana juyawa lafiya. In babu abin zaro shi, cika ramin bayansa da giris, ka sa ƙarfen da ya cika bakinsa daidai ka buga, giris ɗin zai turo shi waje.

Sayayya

Ɗauki tsohon faifai da murfi da rilis boris da sil biyu ka tafi da su a hannu. Sunan mota kaɗai ba ya isa, domin a shekara arba'in an sha yi wa motocin nan musanyar inji da giyabos. Wasu faifansu mm 215 ne, wasu 228. Mai shago zai iya ce maka, "Masta, ai duk ɗaya ne, ɗauka kawai." Ka ce masa, "A'a Alhaji, bari mu ɗora su." Ɗora sabo a kan tsoho, ku ƙirga haƙoran cibiya tare, ku gwada tsawonta. Sachs da LuK da Valeo su ne sunayen da aka sani a kuloci, Corteco da Elring a sil. Kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai ba laifi a fulawil, ko fok (ƙarfen da ke tura rilis boris), ko mai kunne uku. Amma faifai da boris da sil, sababbi kawai. Abin da aka rasa a Magazine sai a aika kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Akra.

A jikin kowane sil akwai lamba uku: faɗin ciki, faɗin waje, da kauri. Wasu suna da kibiya mai nuna inda sanda ke juyawa, kuma ta gaba da ta baya ba gefe ɗaya suke kallo ba, don haka kwatanta da tsohon. Danna leɓensa da yatsa. In ya yi tauri, ya daɗe a kanta yana shan zafi, bar musu kayansu ko da a kwalinsa yake. Ƙara da sabon notin mai kunne uku, notunan robar farfela masu kulle kansu, bushin na sandunan giya, gaskit, ATF lita biyu, da man birki DOT 4.

Sa sil, inda aikin yake

Wanke jikin giyabos kafin ka buɗe komai. In lokacin hunturu ne, a yi a cikin ɗaki ko a rufe da leda, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin leɓen sil ta isa ta mayar da aikin baya.

Zare rilis boris da fok. Za ka ga murfin gaba mai dogon bututu wanda boris ɗin ke zamewa a kansa, sil ɗin yana cikinsa ta baya. Kwance notunansa ka zaro shi a hankali. A bayansa akwai siraran washa na ƙarfe da ke daidaita boris na ciki. Sukan manne a murfi ko su faɗo. Kowace ta koma inda take, ba ƙari ba ragi, ɗan giris zai riƙe ta wajen mayarwa.

Kafin ka fitar da tsohon sil, dubi zurfin da yake zaune. Ɗaga shi da sukudireba mai faɗin baki, ka sa tsumma inda take tokarewa don kada ta karce mazauninsa. Sannan ka koma kan sandar, daidai inda leɓen ke gogawa. Goge wurin da kananzir, ka haska tocila, ka ja farce a kai. Layi mai ƙyalli wanda farce ke wucewa sumul ba komai. In farce ya faɗa kwari, sabon sil zai zauna a kwarin nan ya ci gaba da zuba. Maganinsa a zaunar da sabon gaba ko baya da kamar milimita ɗaya, in mazaunin ya ba da dama, don leɓen ya samu sabon wuri, ko a sa siririn hannun riga na ƙarfe da ake yi don wannan. Riƙe sandar ka girgiza. Ɗan motsi a hancinta daidai ne, tunda ba abin da ya tallafe ta a yanzu. Amma in tana shiga tana fita, ko tana gurnani in ka juya, kuma dama ka ji ƙarar nan a firi, boris ɗin gaba ya tafi, sai an canza shi kafin sil ya yi amfani.

Sabon sil, gefen da ke da ɗan sifirin shi ke kallon mai, wato cikin giyabos. Ɗora murfin a kan katako, sa soket da ya yi daidai da gefen sil na waje, ka riƙa bugawa a hankali kana duba ko'ina yana shiga daidai. In ya karkace, fitar da shi ka sa wani, wanda ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Shafa ATF a leɓen, kada ya tashi a bushe. Naɗe haƙoran sandar da salatif ko siririyar leda, ka shafa mai a kai, sannan ka zura murfin kana ɗan juya shi, in ba haka ba haƙoran za su yanki leɓen ta inda ido ba ya gani. Sabon gaskit, gam kaɗan ƙwarai, kuma duk notin da raminsa ya ratsa har cikin mai a shafa wa zarensa gam. A ɗaure su a tsallake.

Na baya ya fi sauƙi. Cire notin, zare mai kunne uku, ɗaga tsohon sil, buga sabo ya yi daidai da baki. Wuyan mai kunne ukun shi ke gogar leɓe, don haka shi ma a yi masa gwajin farce. In ya yi kwari a sauya shi. Sabon noti yana son ɗauri mai ƙarfi, a bi adadin da littafin motar ya ba lambar giyabos ɗinka, sannan a daddale bakinsa. Tunda yana ƙasa, canza ɗan sil na wayar ma'aunin gudu, ka duba inda hannuwan giya suka fito ta gefe. Kada ka manta da ɗan hancin numfashi da ke saman giyabos. In laka ta toshe shi, iska mai zafi ta rasa mafita, sai ta turo mai ta sil ko da sabo ne.

Ɗaura kuloci da mayarwa

Murfin kuloci yana zuwa da man hana tsatsa a fuskarsa. Goge shi da fulawil da abin wanke birki har farin tsumma ya fito fari, ka wanke hannunka kafin ka taɓa faifai. Gwada faifan a kan sandar giyabos tun yana ƙasa, ya riƙa zamewa ba cijewa. Shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan a haƙoran, zura faifan gaba da baya, ka cire, ka goge duk abin da ya taru a baki. Giris mai yawa in ya yi zafi fantsama yake a kan faifai, ka ga an koma gidan jiya. Ɗan kaɗan kuma a ƙwallon da fok ke juyawa a kai da inda yake taɓa boris. Rilis boris mai roba a ciki ba ya son giris.

A jikin faifan yawanci an rubuta Getriebeseite a gefen da ke kallon giyabos. Ɗora shi, zura sandar daidaitawa har cikin ɗan boris na karanshaf, ka ɗora murfi a kan turakunsa. Notuna shida a ɗaure su kaɗan-kaɗan a tsallake har murfin ya kwanta, a ƙarasa da Nm 25. Sandar daidaitawa ta riƙa fita tana komawa cikin sauƙi. In tana cijewa, sassauta ka sake, ya fi ka gane haka giyabos yana kan ƙirjinka.

Sa giya ta huɗu kafin a ɗaga, yadda in ka juya mai kunne uku sandar gaba za ta juya haƙora su samu hanya. A ɗaga a miƙe, ratar da ke tsakanin gidan kuloci da inji ta zama ɗaya sama da ƙasa, a tura ana ɗan kaɗawa. In ya rage yatsa biyu ya tsaya, hancin sanda ne bai sami boris ba. A nan ne haƙuri ke ƙarewa mutum ya ce bari ya jawo da noti. Kada a yi. Haka ake lanƙwasa sabon faifai, a fasa gidan kuloci. A ja baya, a gyara tsayuwa, a sake. In komai ya yi daidai da hannu yake rufewa, har ka ji ƙarfe ya gamu da ƙarfe.

Sauran a bi baya-baya: sitata, wayar ƙasa, gada, silindar ƙasa da fallenta, salansa, wayar ma'auni, sandar totur. Sandunan giya, a sa komai a firi, a soka ƙarfen mm 6 ta ramin da ke ratsa hannuwan uku a ƙarƙashin sandar direba, sannan a daidaita tsawon kowace har ta shiga ba tilas. Farfela ta bi layin fenti. Notunan boris ɗin tsakiya da babban notin a bar su sako-sako, sai mota ta sauka a kan ƙafafunta an tura ta gaba da baya sau biyu ko uku, sannan a ɗaure. ATF ana zubawa mota tana daidai, har ya fara dawowa ta ramin gefe. Ba ya kai lita biyu.

In an buɗe tiyon kuloci ko an canza silinda, sai an cire iska. Kulocin yana shan mai daga tankin birki ta wani baki da ke sama-sama a gefe, don haka in mai ya ɗan yi ƙasa, kuloci ne ke fara jan iska. Daga ƙasa zuwa sama ya fi fita: haɗa siririn tiyo mai tsabta daga nonon birkin gaba na dama zuwa nonon silindar ƙasa, buɗe duka biyun, wani ya riƙa taka birki a hankali, kana rufe na birkin kafin ya ɗaga ƙafa, har kumfa ta daina fitowa a tanki. Bayan nan a tabbatar birkin kansa ya yi tauri kafin mota ta motsa.

Masu Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 kuma har yanzu ana ganinta a hanyar Tamale da Bawku, dokokin sil da faifai duk ɗaya ne. Bambancin, yawancinsu farfelarsu tana cikin bututu, shi ya sa makanikai da dama suka fi son zaro inji ta gaba. Giyabos ɗinta kuma man inji yake sha, don haka gwajin takarda ba zai raba maka gardama da launi ba, sai ka duba wanne ne ke raguwa.

Gwaji

Tayar da inji a firi, taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga uku, ka sa ribas. In ta shiga shiru, kuloci yana saki. In ta yi gurnani, da sauran iska, ko kuma an juya faifan. Fita yawo kaɗan, ka bi duk giyoyin, ka saurari kaɗawa daga ƙarƙashin kujera, wadda ke nuna farfela ba ta koma kan alamarta ba. Kilomita 500 na farko, kwatankwacin zuwa Akra da dawowa, a tashi a hankali, ba lodi mai nauyi, ba riƙe mota a hawa da rabin kuloci, a yi amfani da birkin hannu. Bayan nan a koma rami, a buɗe murfin gefe a ga man yana bakin rami, a sake ɗaure notunan robar farfela, a kuma shafa yatsa a ƙasan gidan kuloci da wuyan mai kunne uku. In an ga ja a baya, za a iya gyarawa da cire farfela kaɗai. In a gaba ne, a sauke giyabos tun man bai kai ga faifai ba.